Mutumin Kirki da Nauyin Shaida: Sake Karanta Laccar Kirk-Greene daga Arewacin Zamfara

Duk wanda ya nemi abin da aka rubuta a kan yadda Bahaushe yake auna mutum, ba zai yi nisa ba zai ci karo da ɗan ƙaramin littafin nan mai suna Mutumin Kirki, na Anthony Kirk-Greene. Asalinsa lacca ce da ya gabatar da Turanci a Jami'ar Indiana ta Amurka don tunawa da masanin harsuna Hans Wolff, aka buga ta a 1974. Marubucin ba baƙon ƙasar nan ba ne. Ya yi aikin mulki a Arewa tun zamanin En'e, ya daɗe a Adamawa, ya koyar a Zariya, sa'an nan ya koma Oxford, ya rasu a 2018. Shi ne kuma ya tara karin maganganu 500 a littafinsa Hausa Ba Dabo Ba Ne na 1966.

Mun ɗauko laccar a wannan darasi domin ta taɓo tambayoyi huɗu da masana falsafa suke farawa da su: mene ne mutum, yaya muke sanin abu, me ake nufi da ba da gaskiya, mece ce kuma gaskiyar kanta. Za mu karanta ta muna tuna 'yan'uwanmu masu hidima a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda kalma ɗaya da aka faɗa a kan mutum take iya zama ajalinsa. A irin wannan wuri, tambayar "yaya ka sani?" ta fi ƙarfin aji da jarrabawa.

Abin da laccar ta kawo

Kirk-Greene ya bi karin magana da adabi da maganar yau da kullum, ya fito da halaye goma da Bahaushe yake nema kafin ya kira wani mutumin kirki: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ya kuma nuna cewa mazaunin kirki shi ne hali.

Bari mu fara da yabo, domin ya cancanta. A lokacin da mutane da yawa suke ɗauka cewa tunani mai zurfi a kan nagarta sai a littattafan Girka da Turai, wannan mutum ya saurari Bahaushe da kunnen ɗalibi, ya nuna cewa a cikin harshen kansa akwai tsararren ma'auni na mutum. Fasto ko mai bishara da ya san kalmomin nan goma ya riga ya sami gada tsakaninsa da maƙwabcinsa Musulmi, da mai unguwa, da dillalin kasuwa. Idan ya yi wa'azi a kan 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa 5, zai ga cewa masu sauraronsa ba su zo da kunne fayau ba, sun zo da ma'aunin da suka gada. Wanda ya raina wannan ma'auni zai yi ta magana shi kaɗai.

Amma laccar hoto ce ta mutumin kirki kamar yadda jama'a suke son ganinsa. Hoto kuwa yana nuna kama, ba ya gaya maka yadda za ka gane mai kamar idan hanya ta yi duhu. Akwai wurare uku da muka ga aikin ya tsaya, a nan ne kuma namu aikin ya fara.

Kalma ɗaya, kaya uku

Gaskiya ce ta farko a jerin, ita ce kuma ta fi bukatar a warware ta. A bakin Bahaushe kalmar tana ɗauke da kaya uku.

Na farko, gaskiya a matsayin hali. Idan muka ce "Malam mai gaskiya ne," muna nufin ba ya ƙarya, abin da ke bakinsa shi ne ke zuciyarsa.

Na biyu, gaskiya a matsayin yadda abu yake. Idan muka ce "gaskiyar magana ita ce ba a yi ruwa jiya ba," ba halin kowa muke yabo ba, muna faɗin abin da ya faru ne. Aristotil ya bayyana wannan tun kafin haihuwar Almasihu da fiye da shekara 300: magana tana zama gaskiya idan ta dace da yadda abin yake, ko mai faɗinta ya so ko ya ƙi.

Na uku, gaskiya a matsayin abin da ake bayarwa. Muna cewa "na ba shi gaskiya," daga nan ne kuma muka sami kalmarmu ta bangaskiya. Wannan shi ne yarda, wato mutum ya jingina da maganar wani.

Jerin Kirk-Greene jerin halaye ne, saboda haka ma'ana ta farko ce ta shige shi. Ba laifi ba ne, iyakar aikinsa ke nan. Haɗarin yana wajen mai karatu, domin harshe yana sa mu zame daga ma'ana ɗaya zuwa wata ba mu lura ba. Muna cewa: wane mai gaskiya ne, saboda haka abin da ya faɗa gaskiya ne, saboda haka na ba shi gaskiya. Tsani ne mai hawa uku, amma tsakanin hawa na farko da na biyu akwai rami. Mai gaskiya yana iya faɗin abin da ba haka yake ba, da zuciya ɗaya, don shi ma haka aka gaya masa.

Mai gaskiya da mai sani

Aflatun, wanda Turawa suke kira Plato, ya tattauna bambancin sani da zato. Daga tattaunawarsa ne aka gaji bayanin da ɗaliban falsafa suke fara koya: kafin a ce mutum ya san abu, sai ya yarda da abin, abin kuma ya zama haka yake, sa'an nan yana da hujjar da ta kai shi ga yardar. Idan babu hujja, ko da maganarsa ta faɗa daidai, dace ya yi. A 1963 wani Ba'amurke mai suna Edmund Gettier ya rubuta 'yar maƙala mai shafi uku, ya nuna cewa ko ukun nan sun haɗu ana iya samun dace kawai, idan hujjar ba ta da alaƙa ta ainihi da abin da ya sa maganar ta zama gaskiya.

Mu kawo misali daga tasha. A ce mai bishara zai tashi daga Kaura zuwa Shinkafi, ya tambayi wani dattijo amintacce ko hanya lafiya. Dattijon ya ce lafiya lau, domin ya ji wani direba ya faɗi haka da safe. Ashe direban hanyar Zurmi yake nufi. Mai bishara ya tafi, ya isa lafiya. Dattijon bai yi ƙarya ba, yana da dalili, maganarsa kuma ta zo daidai. Duk da haka bai san halin da hanyar Shinkafi take ciki ba. Gobe irin wannan amsa, daga wannan baki mai gaskiya, tana iya jefa mutum hannun masu garkuwa.

Malaman hadisi na Musulunci sun daɗe da gane wannan rami. Kafin su karɓi ruwaya suna neman abu biyu daban-daban a wajen mai ruwayar: ya zama adali, ya kuma zama mai kiyaye abin da ya ji daidai. Mutum yana iya zama salihi amma mai mantuwa ko mai cakuɗa labari, sai a girmama shi a ajiye ruwayarsa. Suna kuma bin sarƙar waɗanda labarin ya bi ta bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Bahaushe ma ya raba ganau da jiyau. Abin da ya ɓace a jerin halaye goma shi ne wannan horo na biyu: mutum ya san iyakar abin da ya sani, ya kuma faɗi ta inda ya same shi. Ana iya cewa hankali da hikima sun ƙunshi haka, amma a maganar yau da kullum hankali ya fi karkata ga natsuwa da iya zama da mutane.

Ba muna cewa a daina yarda da shaidar mutane ba. Agustin na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya lura cewa ko iyayen da suka haife mu ta bakin wasu muka san su, wanda kuma ya ce ba zai yarda da komai ba sai abin da idonsa ya gani, zaman duniya zai gagare shi. Yawancin abin da muka sani jiyau ne. Tambayar ita ce wane jiyau, ta wace hanya, da wane bincike.

Mutanen arewacin Zamfara sun ɗanɗani wannan a jikinsu. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, har da babbar kasuwar Shinkafi da take jawo fatake daga Jamhuriyar Nijar. Makonni da dama labari bai da ƙafa sai ta matafiyi. Da layi ya dawo kuma, sai ga ambaliyar saƙonnin murya a WhatsApp, kowanne yana farawa da "wani amintacce ya gaya mini." A hali na farko labari ya yi ƙaranci, a na biyu ya yi yawa, amma ciwon ɗaya ne: ba a san sarƙar da ya biyo ba.

Ko ganau ma yana kuskure. A watan Janairu na 2025, a Tungar Kara da ke yankin Zurmi da Maradun, jirgin yaƙi ya kai hari ya kashe mutane fiye da goma, cikinsu har da 'yan sa-kai da suka fito fuskantar 'yan bindiga. Gwamnatin jiha ta ce kuskure aka yi, an ɗauke su a matsayin ɓarayin daji. Daga sama, mutane da bindigogi a daji kamarsu ɗaya. Gani ya kori ji, haka ne, amma ido yana ganin siffa ne, fassarar siffar daga zuciya take fitowa, zuciya kuwa tana zuwa da abin da ta riga ta sa rai za ta gani.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin da ya dace da wannan a Joshuwa 22. Kabilun Ra'ubainu da Gad da rabin Manassa suka gina bagade a bakin Urdun. Labari ya kai wa sauran Isra'ilawa, suka taru a Shilo da shirin yaƙi. Labarin ba ƙarya ba ne, bagaden yana nan. Masu fushin ma ba miyagu ba ne, kishin Ubangiji ne ya tashe su. Fassarar ce ta kauce. Abin da ya hana zubar da jini shi ne sun aiki Finehas da shugabanni goma su je su tambaya, sai aka tarar an gina bagaden ne don shaida, ba don hadaya ba. Mutanen kirki ne suka kusa hallaka 'yan'uwansu, tafiyar bincike ce ta cece su duka.

Shaidar jama'a da mutuncin mutum

Wuri na biyu da laccar ta tsaya shi ne batun wanda yake yanke hukunci. Kirki, yadda aka zana shi, abu ne da jama'a suke shaidawa. Gari ne yake cewa wane mutumin kirki ne, wane mutumin banza. A ƙauyen da kowa ya san kakan kowa, aka yi shekara 40 ana cuɗanya a gona da kasuwa da wajen jana'iza, wannan shaida tana da nauyi ƙwarai. Amma shaidar jama'a tana da sharaɗi: zaman lafiya, daɗewar zama tare, da 'yancin faɗin abin da aka gani ba tsoro. Idan waɗannan suka rushe, abin da ya rage shi ne jita-jita sanye da rigar shaida.

Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, a laccar da ya gabatar a 2021 bayan shekaru yana bincike a Zamfara, yana cikin waɗanda suka nuna yadda kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani bisa zargi, ba tare da shari'a ba, ya ƙara wa wutar mai. An kashe mutane don kamarsu da harshensu, 'yan'uwansu suka shiga daji da ƙudurin ramuwa, suka faɗa wa ƙauyukan da ba su ci ba ba su sha ba, su ma don harshensu. Kowane ɓangare ya tabbata ya san halin ɗayan. Yau kuma ga kalmar infoma, wadda ake liƙa wa wanda ake zargi da kai wa 'yan bindiga bayani. Masu yin hakan suna nan, sun kuma jawo asarar rayuka. Amma a ƙauyukan da aka tilasta wa mutane biyan haraji kafin su yi noma ko girbi, wa zai raba wanda ya kai buhun gero don a bar 'ya'yansa da rai da wanda ya sayar da maƙwabcinsa don kuɗi? Daga nesa aikinsu iri ɗaya ne. Sai an matso, an tambaya.

Matsayi ma bai zama hujja ba. A 2022 gwamnatin Zamfara ta sauke Sarkin Zurmi na lokacin bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga, bayan ta dakatar da shi a shekarar da ta gabata. Ba namu ba ne mu yanke masa hukunci a nan. Abin lura shi ne talakan da ya saba auna gaskiya da rawani ya wayi gari bai san bakin da zai kama ba. Labarin Nabot a 1 Sarakuna 21 ya riga ya gargaɗe mu: an yi shelar azumi, dattawan gari sun zauna, shaidu biyu sun tsaya, duk siffar shari'a ta cika, aka jajjefe marar laifi. Shi ya sa Maimaitawar Shari'a 19:15-19 ba ta tsaya a kan yawan shaidu ba, ta umarci alƙalai su binciki shaidun kansu. Fitowa 23:1-2 kuma ta haɗa abu biyu a wuri ɗaya: kada a baza labarin ƙarya, kada a bi taro zuwa mugunta.

A nan ne kalmar mutunci take bukatar kulawa. A jerin, tana zaune a matsayin ɗaya daga cikin goma, abin da wani yake da shi wani ba shi da shi. Haka muke magana: wane ya zubar da mutuncinsa, wane ba shi da mutunci. Idan mutunci duka irin wannan ne, to wanda gari ya janye wa shaida ya zama ba kowa ba, jininsa ya yi arha. Koyarwar Farawa 1:27 da 9:6 ita ce akwai wata daraja da take gaban hali, wadda mutum bai samo da aikinsa ba, gari kuma bai ba shi ba balle ya ƙwace: an halicce shi cikin siffar Allah. Yakubu 3:9 ya ɗora hanin zagi a kan wannan tushe. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna karanta a Suratul Isra'i, aya ta 70, cewa Allah ya karrama 'ya'yan Adamu. Saboda haka muna bukatar mu raba mutunci biyu: wanda ake samu da hali, da wanda aka haifi mutum da shi. Na farko yana hawa yana sauka. Na biyu yana nan a kan wanda ake zargi, yana nan a kan wanda aka kama dumu-dumu, shi ne kuma dalilin da ya sa ko mai laifi sai an ji ta bakinsa (Yahaya 7:51).

Akwai ƙaramin abu da ya kamata mu ƙara. Idan muka dubi hoton da halayen goma suka zana, wanda ya fi saurin bayyana a idonmu shi ne magidanci mai zaure, mai abin yin karamci, wanda ake jin maganarsa. Gwauruwar da ta gudo daga ƙauye ta fake a kangon makaranta a Zurmi ba ta da abin kyauta, ba ta da mai shaidarta a garin. Ma'aunin da ba zai iya ganin kirkinta ba, da sauran gyara a kansa.

Hali zanen dutse ne?

Wuri na uku shi ne halin ɗan Adam kansa. Idan kirki yana zaune a hali, hali kuma zanen dutse ne kamar yadda karin magana ta ce, to mutumin kirki haifarsa ake yi, mugu ma haka, wa'azi kuwa ɓata baki ne. A nan raunin dogara ga karin magana yake fitowa, domin karin magana ba ta da baki ɗaya. Wanda ya ce hali zanen dutse, shi ne ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ne kuma ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi ne ya ce mugu ba shi da kama. Karin magana makami ne da ake zarowa gwargwadon gardamar da ake ciki. Tara su wuri ɗaya yana nuna abin da al'umma take tattaunawa, bai isa ya nuna inda ta tsaya ba.

Masana sun daɗe a kan wannan tambaya. Aristotil ya koyar cewa hali da sabo ake gina shi, mutum yana zama adali ta wurin yawan aikata adalci. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, wanda kuma malaman ƙasar Hausa suke karanta littafinsa Ihya'u, ya yi gardama da masu cewa hali ba ya sakewa, ya ce da haka ne da nasiha da horo ba su da amfani. Koyarwar manzanni ta tafi gaba ta fuska biyu: lalacewar ta fi zurfin da muke zato, ta kuma shafi kowa (Romawa 3), sabuntawar ma ta fi abin da sabo kaɗai zai iya (2 Korantiyawa 5:17). Bahaushe ya hango rabin farko da ya ce mutum tara yake bai cika goma ba. Jerin yana da goma, mu kuwa ba wanda ya cika su.

Wannan ba gardamar aji kaɗai ba ce a Zamfara. A 2019 gwamnatin jihar ta lokacin ta shiga sulhu da 'yan bindiga, kalmar tubabbu ta shiga bakin kowa. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, ya miƙa makamai a Gusau a watan Fabrairu na 2021, ya yi rantsuwa a bainar jama'a. Kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, ba da jimawa ba aka kashe shi a dajin Dumburum na yankin Zurmi. Masu cewa hali zanen dutse suka ce ga shi nan. Amma labarin mutum ɗaya ba ya tabbatar da cewa ba mai tuba. Abin da ya tabbatar shi ne rantsuwa a gaban kyamara ba hujjar tuba ba ce. Mun koma kan tambayar sani: yarda cewa mutum yana iya sakewa abu ɗaya ne, sanin cewa wannan mutumin ya sake abu ne daban.

Ikkilisiyar farko ta fuskanci haka da Shawulu. Da ya zo Urushalima, almajirai suka ji tsoronsa, ba su gaskata ya zama almajiri ba (Ayyukan Manzanni 9:26-27). Luka bai zarge su ba, mutumin ya taɓa jan 'yan'uwansu zuwa kurkuku. Barnaba ne ya kawo shi, bai kuwa ce a karɓe shi don fuskarsa ta yi laushi ba. Ya kawo abin da za a iya bincikawa: wa'azin da ya yi a fili a Dimashƙu, inda ya sa ransa a haɗari. Zakka ma, a Luka 19, tubarsa ta zo da lissafi: rabin dukiya ga matalauta, ninki huɗu ga wanda ya zalunta. Makiyayin da ya rufe ƙofar tuba ya musanci bisharar da yake wa'azinta. Wanda kuma ya buɗe ta ba tare da neman 'ya'yan tuba ba, ya sayar da tumakin da aka ba shi amana.

Hukuncinmu a kan laccar

Muna ba ɗalibanmu shawara su karanta Mutumin Kirki, su haddace kalmomin goma, su yi wa'azi da su. Aiki ne na mai saurare da girmamawa, ya kuma adana mana abin da kakanni suka ɗauka da daraja. Amma su karanta shi a matsayin bayanin abin da ake yabo, su sani bai amsa yadda ake sani ba, bai raba darajar da aka haifi mutum da ita da sunan da gari yake ba shi ba, bai kuma warware ko hali yana sakewa ba. Bai ma gaya mana abin da za mu yi ba idan halayen suka yi karo da juna, kamar ranar da wani ya zo wa fasto da dare ya faɗi abin da aka tilasta masa yi a daji: amana ta ce a rufe, gaskiya ta ce a faɗa, adalci ya tuna da waɗanda abin zai shafa.

Ikkilisiyoyinmu a waɗannan garuruwa ƙanana ne, yawancinsu ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai, irin waɗanda jirgin ƙasa ya fara kawowa Kaura tun da layin dogo ya iso a 1929, da waɗanda kwalejin fasaha ta tarayya take kawowa yau. Ba mu da rundunar tsaro, ba mu da kotu. Abin da muke da shi baki ne da ake saurara, a bagadi ranar Lahadi, a taron dattawa, a zumuntar mata, a zauren WhatsApp na ikkilisiya. Mutane suna ba fasto gaskiya don sun ɗauke shi mai gaskiya, saboda haka kuskurensa ya fi na kowa tafiya nesa. Kafin labari ya fita daga bakinmu, mu tambayi wanda ya kawo shi ko ya gani ne ko ya ji, daga wa ya ji, ko kuma akwai wata fassara ban da wadda ta fara zuwa mana. Idan sunan mutum yana ciki, mu nemi jin ta bakinsa, domin mai fara kai ƙara yakan zama kamar shi ne mai gaskiya sai an zo an yi masa tambayoyi (Karin Magana 18:17). Idan ba mu sani ba, mu ce ba mu sani ba, ko da jama'a suna jiran mu ce wani abu. Bilatus ya yi tambaya a kan gaskiya ya fita bai jira amsa ba, ya kuma miƙa wanda shi da kansa ya ce bai same shi da laifi ba, don taro ya matsa masa. Kada a same mu a sahunsa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ku kawo jimloli uku daga maganar yau da kullum, kowacce da ma'ana ɗaya ta kalmar gaskiya. A wace ma'ana kalmar bangaskiya ta tsaya?

2. Wani dattijon ikkilisiya amintacce ya gaya muku cewa wani matashi a cikinku infoma ne. Ku jera matakan da za ku bi, da abin da ba za ku yi ba, kuna duban Joshuwa 22 da Maimaitawar Shari'a 19.

3. Waɗanne alamu ne za a iya bincikawa da za su sa ikkilisiya ta amince da tubar wanda ya taɓa cutar da jama'a? Wa ya kamata a fara tambaya, shi ko waɗanda ya cuta?